Neman shawara kan digiri na biyu ta intanet a fannin lafiyar tsirrai da kare amfanin gona

Malam Habibu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ni malamin gona ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki tare da manoman tumatir da albasa da shinkafa a yankin Kura da Garun Malam. Tun a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, na gane cewa abin da na sani kan cututtukan shuka da ƙwari bai taka kara ya karya ba. Manomi yakan zo mini da ganye a leda yana tambayar abin da ya kama gonarsa, ni kuma sai in yi kirdado in ambata masa sunan magani, in koma gida zuciyata ba ta kwanta ba. Ina so in yi digiri na biyu a wannan fanni, amma ba zan iya ajiye aiki da iyali in tafi ba, shi ya sa nake duba na intanet. Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su nuna mini jami'ar da ta dace da kuma abin da ake nema wajen shiga.

Dakta Lawal: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Mafi yawan irin wannan karatu da ake yi daga nesa a Amurka yake, kuma sunayensa sun bambanta, don haka wanda ya nemi suna ɗaya kaɗai zai ɗauka babu. Jami'ar Jihar Ohio tana da digiri na biyu kan kula da lafiyar tsirrai, wanda sashen cututtukan tsirrai da sashen nazarin ƙwari suka haɗa hannu a kansa, kuma ana iya yin sa ta intanet. Jami'ar Jihar Washington ma tana da digiri na biyu a aikin gona mai reshe na musamman kan lafiyar tsirrai. Idan kuwa ƙwari ne suka fi damun ka, Jami'ar Nebraska da ke Lincoln da Jami'ar Florida duk suna koyar da nazarin ƙwari ta wannan hanya, ta Florida har da tsutsotsin cikin ƙasa masu cin saiwa. Bisa bayanin da ka yi, ni na fi karkata ga na Ohio ko na Washington, domin mai leda a hannu ba ya gaya maka ko ƙwaro ne ko funfuna ko ƙarancin taki, kai ne za ka rarrabe, kuma waɗannan biyun sun fi haɗa fannonin wuri guda. Kada ka rikita su da digirin likitan tsirrai da ake bayarwa a Florida da Nebraska, wanda shi sai mutum ya je ya zauna can shekaru.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, Allah ya taimaka. Ni na yi nawa ta intanet ina aiki da wani kamfanin iri, kuma abin da ya fi ba ni wahala ya faru ne tun kafin a fara karatun. Takardar cikakken sakamakon digirinka na farko ita ce za ka fara nema yau, ba gobe ba, domin ba a karɓar wadda ka ɗauko da hannunka a matsayin ta ƙarshe, sai wadda tsohuwar makarantarka ta aika da kanta. Tawa sai da ta shafe wata biyar tsakanin wannan ofis da wancan, har ranar rufe karɓar takardu ta wuce, na jira wani zangon. Wasu jami'o'in kuma sukan ce a bi da takardar ta hannun hukumar tantance shaidar karatu irin su WES, wadda ke mayar da makinmu na ma'aunin 5 zuwa nasu na ma'aunin 4, kuma galibi 3.0 suke nema. Kada ka yi wannan lissafin da kanka ka yanke wa kanka hukunci, domin ba raba lamba kawai ake yi ba, darasi-darasi ake bi.

Sai batun jarrabawar Turanci, wato TOEFL ko IELTS, wasu kuma suna karɓar ta Duolingo wadda ta fi araha kuma a gida ake yin ta. Akwai jami'o'in da ke yafe wa ɗan Najeriya wannan sharaɗi saboda da Turanci ya yi karatu, akwai waɗanda ba sa yafewa, saboda haka ka rubuta wa mai kula da shirin ka tambaya kafin ka kashe ko sisi. Wasiƙun shaida yawanci uku ne. Ka haɗa da shugabanka na wurin aiki da malamin da ya duba kundin digirinka, kuma ka sanar da su cewa saƙo zai shigo musu ta imel su cike da kansu, domin ɗaya daga cikin nawa sai da na bi shi har gida kafin ya buɗe akwatinsa.

Malama Zainab: Ina neman afuwar Dakta, amma ina ganin akwai tambayar da ya kamata a yi wa Malam Habibu kafin a kai ga sunayen jami'o'i. Me kake son yi da takardar bayan ka samu? Yawancin waɗannan digirori na intanet na ƙwarewar aiki ne, ana kammala su da ɗan aikin nazari ko rahoton horo, ba da cikakken kundin bincike ba. Idan burinka ka ƙware a aikin da kake kai, ko ka koma kamfani ko ƙungiyar raya karkara, hakan ya wadatar. Idan kuwa kana hangen digiri na uku ko koyarwa a jami'a a gida, to jami'o'inmu sun fi amincewa da digirin da aka yi da bincike, kuma za ka iya samun kanka da takarda mai tsada wadda ba ta buɗe maka ƙofar da kake so ba. Haka nan shaidar ƙasar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin wasu ma'aikatu su karɓa, kuma yana da kyau ka samu amincewar wurin aikinka a rubuce tun kafin ka fara.

Ni a nawa ra'ayin, mutumin da ke Kura bai kamata ya tsallake Samaru ta Zariya ba tare da ya leƙa ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen kare amfanin gona, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a gefensa, wadda ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar furen wake a 2019. Jami'ar Bayero ma tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. A waɗannan wurare cutar da za a ɗora maka a ƙarƙashin madubin ƙara girma ita ce wadda za ka tarar a gonar manominka washegari.

Malam Mahamadu: Gaisuwa daga Maraɗi. Na goyi bayan Malama a rabin maganarta. Darussan Amurka an gina su ne kan masara da waken suya da alkama da tuffa da dankalin Turawa, kuma dokokin maganin feshi da za a koya maka nasu ne. Da wuya ka ji an daɗe kan wuta-wuta, ko burtuntunar dawa, ko tsutsar zangarniyar gero, wadda a nan Nijar masu bincike suke yaƙa ta hanyar sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, manoma na rataye jakunkunansa a kusa da gonaki. Sai dai tushen ilimin ɗaya ne ko'ina. Yadda cuta ke buƙatar shuka mai rauni da ƙwayar cuta da yanayin da ya dace kafin ta kama, da yadda ake ƙirga ƙwari a san ko ɓarnarsu ta kai a kashe kuɗin feshi, da dalilin da ke sa ƙwaro ya daina jin magani idan an nace da iri ɗaya, duk waɗannan ba su da ƙasa. Tsutsar masara da aka fara gani a Afirka a 2016 ma ai daga nahiyar Amurka ta zo, kuma sun daɗe suna nazarin ta kafin ta iso mana. Abin da allon kwamfuta ba zai ba ka ba shi ne hannu. Mu a nan wanda ya samu horo a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, mai horarwa kan noma da yanayi, ana gane shi a gona, domin ya taɓa, ya yanka, ya duba da idonsa. Shawarata ita ce, idan ka zaɓi intanet, ka nemi wani ɗakin gwaje-gwaje kusa da kai, ko a Samaru ko a tashar IITA ta Kano, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ka roƙi a bar ka kana zuwa ko da sau biyu a wata, kuma ka tambayi jami'ar ko za ta yarda ka yi aikinka na ƙarshe kan amfanin gonar yankinku.

Alhaji Ɗanjuma: Malamai sun yi magana kan ilimi, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan noma, bari in yi ta kuɗi, tunda ƙanena na ɗauki nauyi kuma na ji a jikina. Ana biya ne bisa adadin kiredit, wato ma'aunin nauyin darussa, digirin kuma yakan kai kiredit 30 ko sama da haka, da dala, ga ƙananan kuɗaɗe da ake ƙarawa kowane zango. Ka nemi jimillar gaba ɗaya a rubuce, sannan ka tuna cewa farashin dala na ranar da ka fara ba shi ne na ranar da za ka gama ba. Tallafin da ake ba ɗalibai su taya malamai koyarwa ko bincike na waɗanda ke zaune a harabar jami'a ne, ɗalibin nesa bai cika samu ba, kuma wannan karatu ba ya ba da bizar ɗalibi, ga wanda ke da wannan tunanin. Sai wuta da data. Ohio tana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, Washington kuwa takwas ko tara, don haka darasin da aka sa da yammacinsu tsakar darenmu ne. Ka tambaya ko ana naɗar darussan a kalla daga baya, da kuma yadda ake sa ido a jarrabawa, domin idan kyamara ce ke gadin ka, ɗaukewar wuta na minti biyar na iya jawo maka dogon bayani.

Dakta Lawal: Malama Zainab ta yi gaskiya, na karɓi gyara. Zan ƙara abu biyu. Kafin ka biya kuɗin neman shiga, ka gwada kanka da gajerun darussan CABI, wata ƙungiyar ilimin noma ta ƙasa da ƙasa, kan gane cututtuka da ƙwarin amfanin gona, ko na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya waɗanda kyauta ne. Idan ka iya riƙe su wata biyu a tsakiyar aikin rani, ka san za ka iya riƙe digiri. Ka kuma riƙa duba tallafin karatun nesa na hukumar tallafin karatu ta Commonwealth da ke Birtaniya, wanda ke biyan kuɗin wasu darussan jami'o'in Birtaniya, ko da yake jerin darussan yana sauyawa kowace shekara. Na biyu shi ne takardar bayanin manufarka. Kada ka cika ta da cewa kana ƙaunar noma tun kana yaro. Ka rubuta abin da ka faɗa mana a farko, wato manomi da ledarsa da kirdadonka. Ka ambaci hana shigar da busasshen waken Najeriya Tarayyar Turai a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari, da cutar da ta lalata citta a kudancin Kaduna a 2023, ka nuna musu cewa ka san inda giɓin yake da kuma darussansu da za su cike shi.

Malam Habibu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amsar tambayar Malama ita ce ba koyarwa nake hange ba, gona nake son komawa da ido mai gani, amma duk da haka zan je Samaru ranar Litinin in ji tsarin karatunsu da kuma ko za su karɓe ni a ɗakin gwaje-gwaje. Takardar sakamako kuwa gobe zan fara bin ta. Hajiya, idan ba damuwa, ina so in san ko kin tura wa hukumar tantancewar takardunki kafin ki cike fom ɗin jami'a ne ko bayan nan.

Hajiya Rabi: Kafin nan, Malam, kuma sai bayan da jami'ar ta tabbatar mini a rubuce cewa tana buƙatar hakan, domin wasu da kansu suke tantancewa. Ka fara buɗe rajista da hukumar ka karɓi lambar shaida, sannan ka kai wa tsohuwar makarantarka lambar, saboda idan takardar ta isa babu lambar a jikinta, sai ta yi makonni ba a haɗa ta da fayil ɗinka ba.