Siginar MHz 8 ta koma kamar tudu a osiloskof

Ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum manyanmu. Na fitar da siginar MHz 8 daga Timer1 (ma'aunin lokaci na ciki) a ƙafa ta 9 ta allon Arduino Uno. Maimakon murabba'i, abin da osiloskof (na'urar nuna siffar sigina) mai MHz 100 ke nunawa tudu ne da kwari, kuma bai kai bolt 5 ba. Ko ATmega328P ɗin, ƙwaƙwalwar allon, jabu ce?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Duba maɓallin jikin tsinken awonka, kusan tabbas yana kan 1X. A nan tsinken na ɗora wa ƙafar nauyin kapasita na kusan pF (pikofarad) 100. A 10X kuwa, inda yake rage siginar sau goma, pF 10 zuwa 15 ne kawai. Ka mai da shi 10X, ka saita osiloskof ɗin ma haka, sannan ka daidaita ɗan sukurun tsinken da siginar kHz 1 ta gaban na'urar har kan murabba'in ya miƙe.

Malamin lantarki: Maganin mai gyaran rediyo daidai ne, amma nauyin kaɗai bai isa ya kawo haka ba. Ƙafar na da rezistans (R) kamar om 25 a ciki. Lokacin tashin sigina 2.2 × R × C ne, to da C na pF 100 bai wuce ns (nanosakan) 6 ba. Ainihin cikas shi ne tsinken 1X yawanci ba ya ɗaukar sama da MHz 6, wato lokacin tashinsa ns 58 ne (0.35 a raba da MHz 6). Rabin zagayenka ns 62.5 ne. Kafin sigina ta hau, lokacin sauka ya yi. Tsinkenka kake aunawa, ba Arduino ba.

Wayar mas (ta ƙasa) ta tsinken, mai bakin kada, ma a cire ta. Santimita 15 nata na ba da induktans kusan nH (nanohenri) 150, ta haɗu da pF 15 ta haifar da rawa wajen MHz 100. A madadinta a sa gajeren sifirin mas da ke zuwa da tsinken.

Ɗalibi: Allah ya saka, ta gyaru. In na haɗa ta da IRFZ44N, transistan nan na MOSFET, fa?

Malamin lantarki: A MHz 8? Kar ka fara. Ƙofarsa (ƙafar da ke kunna shi) ta kai kusan pF 1500, lokacin tashi ns 80 ke nan tun kafin tasirin Miller da ke ƙara wa ƙofar nauyi, kuma iyakar ƙafar Arduino mA 40 ce. Bolt 5 ma ba ya buɗe shi sosai, zafi zai yi. Ka sauko zuwa kHz 20, ka sa TC4420, direban ƙofar MOSFET, a tsakani, a ciyar da shi da bolt 12, da rezistans om 10 a ƙofar.