Jirgin sintiri mai bindiga ɗaya: me yake tsarewa a teku?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana harkar sojan ruwa. In aka duba manyan jiragen da Najeriya ta samu daga 2011 zuwa yau, Thunder, Okpabana, Centenary, Unity, da guda biyun da aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilarsu a 2021, duka na sintiri ne, ba irin babban jirgin yaƙinmu Aradu mai makamai masu linzami ba. Ingila da Faransa ma, da kuɗinsu da fasaharsu, irin waɗannan suke turawa gadin tsibiransu na nesa. Jirgi ya kusa tsawon filin ƙwallo, amma babbar bindiga ɗaya tak a goshi. Tsimin kuɗi ne ko akwai hikima? In abokin gaba ya zo da gaske, me wannan zai tare? Mu nan Zariya iyakar ruwanmu Kubanni da Galma, a yi mana bayani yadda za mu gane.

Malam Na Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da girman wurin tukuna, bindiga ta biyo baya. Gaɓar tekun Najeriya kilomita 853 ce. Daga gaɓar, ƙasa tana da haƙƙin kifi da mai har mil 200 cikin ruwa. Mil na teku mita 1,852 ne, ka ga kilomita 370 ke nan, ka je Kaduna ka dawo Zariya sau biyu ba ka cinye ta ba. Jirgi mai cin mil 15 a awa sai ya yi awa 13 da 'yan kai kafin ya taɓa ƙarshen layin.

To me yake gani a hanya? Rada ba ta hango abin da doron teku ya ɓoye. In eriyarta tana mita 25 sama da ruwa, abin da ake nema kuma tsayinsa mita 4, ba za ta kama shi ba sai ya shigo kamar mil 15. Kwale-kwalen faiba na 'yan fashi kuwa yakan saje da igiyar ruwa har sai ya matso sosai. Firiget, wato babban jirgin yaƙi irin Aradu, mai tsadar gaske shi ma iyakar ganinsa ke nan a saman ruwa, kuma wuri ɗaya zai kasance a lokaci ɗaya. Kuɗinsa kuwa zai sayo jiragen sintiri da dama. Abin da ake saye a nan kwanakin zama a teku ne da yawan wuraren da za a gan ka.

Dubi na Ingila, rukuni na biyu na jiragen River: tsawo mita 90, nauyi tan 2,000, bindiga mai bakin milimita 30, amma suna iya kwana 35 ba su shiga tasha ba, da man tafiyar mil 5,500. An tura HMS Forth tsibiran Fokland a 2020, Medway yankin Karibiyan, Tamar da Spey suka tafi tekun Indiya da Fasifik a 2021. Trent ita ce ta zo Legas. Dabarar ita ce jirgin ba ya komawa gida. Ana raba ma'aikata kashi uku, biyu suna ciki, ɗaya yana hutu, ana canza su ta jirgin sama. Sababbin na Faransa, rukunin Félix Éboué, wanda ya taɓa zama gwamnan Chadi, mita 80 ne, mutum 30, kwana 30. Aradu kuwa sai kusan mutum 200 kafin ta tashi.

Batun tsibiri kuma lissafi ne. Ɗan tsibiri da babu wata ƙasa kusa da shi yana jawo wa mai shi da'irar ruwa ta kusan murabba'in kilomita 430,000. Najeriya gaba ɗaya 923,768 ce. Da haka Faransa ta mallaki ruwa sama da murabba'in kilomita miliyan 10, ta biyu bayan Amurka, kuma kusan duka daga yankunanta na ƙetare ne. Ba sai mun je nesa ba: Ikwatoriyal Gini, saboda Bioko da ɗan tsibirin Annobon, ruwanta ya ninka ƙasarta fiye da sau goma. Masu shiga irin wannan ruwa ɓarayin kifi ne, da masu safarar hodar iblis, da ɓarayin ɗanyen mai. Ba mai harba wa jirgin kamun kifi makami mai linzami. Mutane ake saukewa su hau su duba takardu.

Injiniya Samaru:

Malam ya faɗi gaskiya, amma kwana 35 ɗin nan a takarda yake. Bari in taɓa abin da ke cinye shi.

Na farko mai. Ƙarfin da jirgi ke bukata yana hawa ne kusan ninki takwas in ka ninka gudu sau biyu. Injin dizal na jirgi yana shan kamar giram 200 a kowane kilowat a awa. A ɗauka jirgi mai tan 2,000 yana jan kilowat 2,000 a gudun mil 12. Tan 10 ke nan a rana, tankar mai lita 33,000 ta yi masa kusan kwana uku. Ya buɗe wuta zuwa mil 24 ko 25, wannan tankar ba za ta kai shi awa goma ba. Shi ya sa kwamanda mai hankali ba ya tsere da kwale-kwale. Yana sauke ƙaramin jirgin roba mai gudu, ko ya tada jirgi mai saukar ungulu in yana da shi. Kuma tafiyar hawainiya ita ma da nata aibin: injin da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa yana tara baƙin hayaƙi a bawul da fistin. Maganin shi ne a kashe inji ɗaya a ɗora wa ɗayan nauyi, ana musanyawa.

Na biyu ruwanmu mai ɗumi ne. Jirgi ya yi 'yan watanni a ɗaure, sai gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo su lulluɓe cikinsa da farfela, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ruwan teku ake zuƙa ana sanyaya inji, ta wata kafa a ƙasan jirgi mai rariya. A tashar Legas leda da kainuwa ke toshe rariyar nan, ka ga allurar zafi ta hau, janareta ya mutu. Janareta ya mutu kuwa, rada, rediyo, firjin abinci da na'urar tace ruwan sha duk sun tafi tare. Dole a riƙa buɗe rariyar ana kwashe dattin da hannu, wani lokaci kowace rana. Akwai kuma dunƙulen zinki da ake liƙawa a jikin ƙarfe don gishiri ya ci su a maimakon jirgin. In sun ƙare ba a canza ba, jikin ne zai fara rami.

Tankin mai shi ma yana gumi. Ruwa ya kwanta a ƙasansa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama kaki mai yauƙi. A tasha lafiya lau, amma da jirgi ya shiga igiya kakin ya tashi ya toshe filta, daidai lokacin da ake bin wani. Sai a zubar da ruwan ƙasan tanki kullum, a bi da man ta injin tacewa kafin ya shiga tankin yau da gobe.

Abin da ya fi ba da haushi, ƙugiyar sauke jirgin roba. In famfonta ko wayarta ta lalace, jirgin sintiri ya zama ɗan kallo, yana ganin ɓarawo ba shi da hanyar hawa. Don haka wasu ƙira suke yin gangara a bayan jirgi, robar ta sulale ta fita, ta dawo ta hau da gudunta.

Ƙa'idar da aka saba ita ce uku a samu ɗaya: ɗaya a teku, ɗaya a horo ko hanya, ɗaya a gyara. Jiragen kasuwa ma sai an duba ƙasansu sau biyu cikin shekara biyar. Thunder da Okpabana kyawawan jirage ne, mita 115, amma ƙirar ƙarshen shekarun 1960 ce ta masu gadin gaɓar Amurka, ga Centenary da Unity na Sin, ga Kada daga kamfanin Damen, ga Lana daga Faransa. Kowanne da irin kayan gyaransa, kowanne da makanikinsa. A ganina wannan haɗin gambizar ya fi rashin makami mai linzami illa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙananan da aka ƙera a Legas, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021, ko ba komai masu gyaran su suna gida.

Barista Kongo:

Injiniya, ranka ya daɗe, ko inji bai mutu ba, shari'a tana iya mutuwa. Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ta raba ruwa hawa-hawa. Mil 12 na farko ƙasarka ce. Bayan nan zuwa mil 200 arzikin naka ne, amma hanyar ta kowa ce, ba ka tare jirgi don kawai ya wuce. Har sunan laifi canzawa yake: a cikin mil 12 fashi da makami ne, aikin mai ruwan, a waje kuma fashin teku ne da sashe na 105 ya ba jirgin yaƙin kowace ƙasa damar kamawa.

Bin sawu, sashe na 111, nan ake yawan faɗuwa. Dole a fara shi jirgin yana cikin ruwan da ya yi laifin. Dole a ba shi umarnin tsayawa da alamar da zai gani ko ya ji. Bin ba zai yanke ba, kuma yana ƙarewa da zarar ya shiga mil 12 na ƙasarsa ko na wata. A 2003 Ostireliya ta bi jirgin kamun kifi Viarsa daga tsibirin Heard har kwana 21, mil 3,900, aka kama shi, daga ƙarshe kotu ta sallami mutanen. Kusa da gida, a Agustan 2022 katafaren jirgin dakon mai Heroic Idun ya ƙi tsaya wa sojan ruwanmu kusa da rijiyar mai ta Akpo, ya ce ya zaci 'yan fashi ne. Ikwatoriyal Gini ce ta tare shi, ta miƙo shi a Nuwamba, daga baya tsibiran Mashal masu tutar jirgin suka kai ƙarar Ikwatoriyal Gini kotun teku ta duniya.

Shi ya sa masu hawa jirgi suke da tsari. A kira ta rediyo a tasha ta 16, a rubuta lokaci da wuri. A tambayi tuta, kaya, tashar da ya fito, yawan mutane, a gwada da abin da na'urarsa ta AIS, mai sanar da sunan jirgi da inda yake, ke nunawa, ko a lura in ya kashe ta. A sa ya rage gudu ya saukar da tsani ta gefen da iska ba ta bugawa. Da an hau, a tara ma'aikata wuri guda a ƙirga, a riƙe ɗakin tuƙi da ɗakin inji. In mai ne, a auna tankuna, a ɗebi samfur a liƙe a gaban kyaftin ya sa hannu. Samfurin da aka ɗiba ba shaida, lauya zai yi watsi da shi cikin minti biyar.

Kafin dokar SPOMO ta 2019, wato dokar yaƙi da fashin teku, Najeriya ba ta da dokar da ta ware fashin teku. A 2020 mutum 130 cikin 135 da aka sace a tekunan duniya a mashigin Gini aka ɗauke su. A 2021 aka ƙaddamar da shirye-shiryen tsaron ruwa na Deep Blue da Falcon Eye, kotu a Legas ta ɗaure mutum goma shekara 12 kowanne kan fashin jirgin kamun kifi Hai Lu Feng II, a Maris 2022 aka cire sunan Najeriya daga jerin wuraren haɗarin fashin teku. Kwatanta da firiget ɗin Denmak, Esbern Snare, da ya yi musayar wuta da 'yan fashi a Nuwamban 2021: ga makami har da jirgi mai saukar ungulu, amma uku daga waɗanda ya kama sakin su aka yi a teku, don ba ƙasar da ta karɓe su. Wani abin lura, a tsarin haɗin gwiwar tsaron teku na Yawunde na 2013, an sa Nijar da ba ta da teku a shiyya ɗaya da Najeriya, Benin da Togo, cibiyar tana Kwatano.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya ƙara sani. Amma har yanzu da sauran rina a kaba. In ƙasa ce ta zo, ba ɓarawon kifi ba fa?

Malam Na Sabon Gari:

Nan kam gaskiyarka, ba zai tare ba, kuma ba a ƙera shi don haka ba. Yawancinsu ƙirar jirgin kasuwa ce, ba su da na'urar jin jirgin ƙarƙashin ruwa, ba su da kariya daga hari ta sama. Aikinsa a nan shi ne a san mai wuri yana nan. A 1981 Ingila ta sanar za ta janye HMS Endurance, ɗan jirginta na kudancin Atlantika, don tsimi. Sojojin da ke mulkin Ajantina suka karanta hakan a matsayin an saki wurin. Ranar 2 ga Afrilun 1982 suka mamaye Fokland. Sai da aka taso da rundunar jirage daga nisan kusan kilomita 13,000, aka yi kwana 74, Ingila ta rasa soja 255, Ajantina 649. Bayan yaƙin, ba ga jirgin sintiri kaɗai suka bar gadin ba: sun buɗe filin jirgin sama na Mount Pleasant a 1985, da jiragen yaƙi a ciki da titin da zai karɓi ƙarin soja ta tsibirin Asenshon.

Mu ba mu da tsibiri a ƙetare. Abin da ya yi kama da shi rijiyoyin mai na cikin teku ne, kamar Bonga mai nisan kilomita 120 daga gaɓa, wadda 'yan bindiga suka kai wa hari da kwale-kwale a Yunin 2008, da yankin haɗin gwiwa da Sawo Tome na yarjejeniyar 2001. Waɗannan jirgin sintiri mai zama a wurin suke so. Firiget ɗaya ko biyu ana bukata don kada ilimin sarrafa manyan makamai ya mutu a runduna, dalilin da ya sa aka sa hannu kan gyaran Aradu a 2023 ke nan. In kana son ganin inda ake tafka wannan muhawara da taswira a kan tebur, ba nisa, Jaji ce, kwalejin hafsoshi tana da sashen yaƙin ruwa.