Ina ya kamata mu riƙa tara buƙatun masu amfani da manhajarmu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A nan Jidda muna gina wata ƙaramar manhaja da kowa zai iya duba tushenta (wato rubutun umarnin kwamfuta da aka gina ta da shi) ya gyara, tana nuna lokutan salla da kwanan watan Ummul Ƙura (kalandar Hijira ta Saudiyya) da Hausa, don mazauna da alhazai. Tushen yana GitHub, shafin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu.

Buƙatun ƙarin abubuwa ne suka fi ƙarfinmu. Yawanci ta WhatsApp suke zuwa, da saƙon murya: wannan yana so a ƙara alƙibla, wancan yana so a sa lokutan Madina. Kafin a waiwaya, gaisuwa da hotuna sun binne su.

Mun ce kowa ya rubuta a GitHub Issues, sashen GitHub na kai rahoton matsaloli da buƙatu. Sai buƙatu suka cakuɗe da rahoton kurakurai, har rahoton cewa lokacin La'asar yana kaucewa ya nutse a cikinsu duk da alamomin da muka liƙa don rarrabe su. Ga shi sai mutum ya buɗe asusu, kuma dattawanmu da ke Makka sun fi sabawa da Larabci da Hausa a kan Turanci, ba za su yi ba. Muka koma Google Forms, wato fom ɗin Google da ake cikewa a intanet. Rubutawa ta yi sauƙi, amma babu mai ganin abin da wani ya riga ya nema, sai maimaici, masu taya mu aiki daga Kano kuma ba sa ganin komai.

Yanzu muna duba GitHub Discussions, dandalin tattaunawa na GitHub, tunda ana iya kaɗa wa buƙata ƙuri'a, sai dai shi ma yana neman asusu.

Don Allah, wane wuri guda ne mai waya kawai zai rubuta buƙatarsa ba tare da asusu ba, masu gyaran manhajar kuma su gani a fili?