Wai babbar ekip ba ta faɗuwa? Gardamar 'yan fada a Tawa

Auta: Salamu alaikum 'yan fada. Maganar da munka fara jiya ba ta ƙare ba, kuma ina nan kan bakana: a balon yanzu babbar ekip ba ta faɗuwa, tuntuɓe kawai take yi. Bayern ta ɗauki kofin Jamus sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023. Wannan gasa ce ko gado?

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Auta, ka tsallake 2024 da gangan. Leverkusen ta ɗauke kofin, wasa 34 ba wanda ya doke ta.

Auta: Ban tsallake ba, Yaya. Shekara guda tak Bayern ta amshi kayanta, sannan mai horar da Leverkusen Xabi Alonso ya wuce Real Madrid, ɗan wasanta Wirtz ya wuce Liverpool. Haka anka yi wa Monaco bayan 2017, Mbappé ya tafi PSG, Bernardo Silva ya tafi City. Leicester ta ci 2016, ko wata uku ba a yi ba Chelsea ta ɗauke Kanté, 2023 ga ta a rukuni na biyu. Ƙaramar ekip in ta ci kofi, wawashe ta ake yi.

Kawu: Yaro dai yaro ne. Kai ka buɗe ido ka iske Bayern da PSG, sai ka ɗauka da su anka halicci duniya. Lokacin da muke sauraren balo a rediyo, in an ce Faransa to Saint-Étienne ake nufi. Kofi 10 gare ta, na ƙarshe 1981. Marseille ta zo da su Abedi Pele ta ɗauki kofin Turai a 1993, badaƙalar sayen wasa ta tashi, anka ƙwace mata kofin gida na shekarar, 1994 anka tura ta ƙasa. Lyon ta jera 7, daga 2002 zuwa 2008, tun daga nan shiru. Kowace a zamaninta an rantse ba mai kada ta.

Auta: Allah ya ja kwana, Kawu, amma waɗannan duk kafin kuɗin Katar ne. Tun da anka sayi PSG a 2011, sau nawa kofin ya kuɓuce mata?

Kawu: To Manchester United talauci ya kama ta? Ferguson ya ci Firimiya 13, ya aje aiki a 2013, har yau ba su sake ɗagawa ba, alhali ba shekarar da ba su zuba miliyoyi a kasuwa. A 2025 ta 15 sunka ƙare. Barcelona fa, da bashi ya hana ta riƙe Messi a 2021? Gida daga ciki yake rubewa.

Malam: Ku biyun ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Kawu na ƙirga sunaye, Auta na kallon ajin da sunayen ke fitowa. Juventus ta yi 9 a jere, 2012 zuwa 2020, ta sauka. Wa ya hau? Inter, Milan, Napoli. United ta sauka, in ban da shekarar Leicester, manya irin su City da Chelsea da Liverpool sunka raba. Sarauta na juyawa, amma cikin gidaje ƙalilan. Ku duba kofin zakarun Turai: Steaua ta Romaniya ta ci 1986, Red Star ta Belgrad 1991, Porto 2004. Tun daga Porto, kofin bai fita daga Ingila, Sifen, Italiya, Jamus da Faransa ba. Dalili biyu nake gani. Hukuncin Bosman na 1995 ya bar ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ya tafi kyauta, ya kuma cire iyakar 'yan wasan Tarayyar Turai da ekip za ta sa. Sai kuɗin tele: wanda ya shiga gasar Turai bana, da kuɗinta zai sayi 'yan wasan da za su mai da shi baɗi.

Mai Shayi: Malam ya shigo da allo da alli, an gama da mu.

Tsohon Gola: Ku dawo gida, kun daɗe a Turai. Nan Nijar ekip biyu sunka fi kowa kofi, Sahel da Olympic, kowace ta haura 10, kuma duk ekip ɗin unguwannin Yamai ne. A shekarun 1980 har Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram sun ɗauki shampiyona. Yanzu karanto masu ci: AS SONIDEP ta kamfanin man fetur 2018 da 2019, USGN ta jandarma 2021, Nigelec ta kamfanin lantarki 2022, AS GNN ta gardi 2023. Ga AS FAN ta soja, ga ta duwan. Ni na tsare gida a ekip ɗin jiha, na san yadda abin yake. Yaron da ya yi fice bana, baɗi yana Yamai, kuma ba ka iya ganin laifinsa, don can akwai albashi ƙarshen wata, wani lokaci har da fatan samun aiki in ƙafa ta gaji. Mu kuwa kuɗin mota zuwa wasa ma sai an bi 'yan kasuwa.

Kawu: Ka ga shaidata ke nan. Sahel da Olympic manya ne, kuma an ture su.

Auta: Shaidata dai, Kawu. Wa ya ture su? Masu asusu.

Ɗan Ader: Ni tambayata daban ce. Wa ya ce mamaya na kashe wasa? Takobin kokawa da anka fara nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Shekarun nan Isaka Isaka na Doso ya yi ta ɗauka, kuma fili bai taɓa rasa mutane ba. Rabin 'yan kallo sun zo ne su ga ranar da bayansa zai taɓa ƙasa.

Auta: Ɗan kokawa tsufa yake yi, Yaya, ƙarfi ya ƙare ya ba yara wuri. Bayern in ɗan wasanta ya tsufa, sai ta ɗauko na Dortmund, kamar yadda ta yi da Götze a 2013 da Lewandowski a 2014. Ta ƙara ƙarfi, ta kuma rage wa mai bi mata.

Malam: Amurkawa sun toshe wannan ramin da doka. Ekip ɗin da sunka zo ƙarshe su ke fara zaɓen sabbin matasa, kuma akwai iyakar albashin da kowace za ta biya. A kwandonsu na NBA, daga 2019 zuwa 2025 ekip 7 daban-daban sunka ci.

Kawu: A can ba a saukar da kowa rukuni na biyu, Malam, har wata ekip kan so ta sha kashi don ta samu zaɓen farko. Ni ban son gasar da ake ba na baya lada. Kuma ko an kawo dokar nan, wa zai ce wa soja ga iyakar abin da za su ba yaransu?

Tsohon Gola: Ba sai an kai can ba. A ce duk ekip ɗin Yamai da ta ɗauki yaro daga jiha sai ta biya waɗanda sunka raine shi, a rubuce, kuma FENIFOOT, hukumar balon Nijar, ta tsaya a kai. Da kuɗin yaro guda za mu yi kaka ɗaya ba mu roƙi man mota ba.

Mai Shayi: Auta, ka amsa wa Kawu maganar United tukuna, na ga ka kewaye ta.

Auta: Ban kewaye ba. Ta 15 ta zo, amma ba ta sauka rukuni na biyu ba, kuma da anka buɗe kasuwa ta sake sayen 'yan gaba masu tsada. Saint-Étienne da ta faɗi, har rukuni na biyu ta kai. Kawu, ku kawo mini ekip guda cikin manyan masu kuɗin Turai da ta sauka rukuni na biyu a shekara 10 da sunka wuce, ni zan sayi sukari da ganyen shayin fada na wata.