Wankin mota ba ruwa a lokacin hunturu: wa ya taɓa gwadawa?

Mai baƙar Camry, Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa amfani da maganin feshin nan da ake goge mota da shi ba sai an zuba ruwa ba. Famfon unguwarmu ya daɗe da ɗaukewa, 'yan garuwa muka dogara da su, kuma kun san yadda kuɗin jarka ke hawa da zarar rani ya kama. Motata baƙa ce, in an wanke da safe kafin azahar ta koma ruwan ƙasa. Na ga kwalaben a Ƙofar Ruwa, amma ina tsoron fenti. Wanda ya gwada ya gaya mana gaskiya, ban da talla don Allah.

Direban haya, Abuja:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni dole ce ta sa na koya, don mai gidan da nake haya ya hana wankin mota a tsakar gida, wai ruwa na kwanciya. Ga fasinjan Abuja kuma, da ya ga ƙura a ƙofa sai ya ɓata rai tun bai shiga ba.

Abin iri biyu ne, kada a haɗa. Akwai wanda yake zuwa a kwalbar feshi, irin na Meguiar's ko Turtle Wax, ka fesa ka goge. Akwai kuma mai kauri da ake tsinkawa da ruwa kaɗan, kamar Optimum No Rinse, wanda masu shi suka ce a zuba kamar mililita 30 a cikin lita 8, wato ƙaramin bokiti guda. Na biyun nake amfani da shi. Sai in jiƙa tawul ɗin maikurofaiba, wato mai laushin nan na goge mota, biyar ko shida a bokitin, in ɗauko ɗaya, in ninka shi huɗu. Daga rufi nake farawa. In fesa wa wurin maganin sosai har ya fara gangarowa, in ɗan jira ƙurar ta jiƙu, sannan in ja tawul ɗin sau ɗaya a miƙe, ba dannawa, ba kewayawa. Gefen da ya ɗauki datti ba ya sake taɓa fenti, juyawa nake yi. In duk gefunan sun ƙare, sai in jefa shi a leda in ɗauki wani, ba ya komawa bokiti. A ƙarshe busasshen tawul. Ƙasan ƙofofi da wili su ne na ƙarshe, kuma tsummansu daban.

Mai fenti, Panteka, Kaduna:
Ɗan'uwa direba, yadda ka bayyana ɗin nan ba ni da ja. Amma mutum nawa ne zai yi haƙurin tawul shida? Yawanci tsumma ɗaya za a ɗauka a zagaye mota da shi tun daga bonet har but.

Alhaji, bari in gaya maka abin da nake gani a wurin aiki. Sheƙin da ke saman fentin motarka wani shafi ne daban, garai-garai, kuma kaurinsa bai kai na takarda ba. Ƙurar hunturu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Duk sanda aka ja ta a kan wannan shafin sai ta bar zane. Ba za ka gani a inuwa ba, sai ka fito da motar rana ka ga zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Baƙar mota ce ta fi tona asiri, fara da mai ruwan azurfa suna rufawa. Muna iya gogewa da inji, amma duk gogewa rage kaurin shafin take yi, wata rana babu abin da zai rage sai sabon feshi.

Sai dai in za a yi adalci, yawancin motocin da ake kawo min ba wannan maganin ne ya ɓata su ba. Maigadi ne ko yaron gida da busasshiyar tsohuwar singileti, kullum safiya, don neman yabo. Wannan kam gara maganin sau dubu.

Malamar labarin ƙasa, Jos:
Baba mai fenti ya yi gaskiya. Mai yawa daga cikin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari, iskar arewa maso gabas ta kwaso mana tun daga Nuwamba har wajen Maris. Shi ya sa ba ta ƙarewa, ko ka goge yau gobe wata ta sauka. Ni na daina gasa da ita. Gilashi da fitilu kawai nake gogewa kullum, jikin motar sai ƙarshen mako. Kuma ku lura, maganin da ke haɗe da kaki, wato wax mai sa sheƙi, yana barin dishi-dishi a gilashin gaba, in mota ta hasko ki da daddare sai kin ƙanƙance ido. Na ce "ki" don na san akwai mata a nan da suka yi shiru.

Ɗan kasuwa, Maradi:
Ni dai bai yi min ba. Ina shiga ƙauyuka ranar kasuwa, hanyar jar ƙasa ce, in na dawo ƙurar har ka rubuta suna a kanta. Rabin kwalba ya tafi ban gama gefe ɗaya ba. Kuɗin da na saya ya isa a wanke min motar da ruwa sau da yawa. Na masu hawa kwalta ne.

Direban haya, Abuja:
Haka ne, Malam. In ƙura ta yi kauri, ko taɓon damina ya bushe a jiki, ni ma gidan wanki nake kaiwa, don ƙarƙashin mota ba abin da ke fitar da shi sai ruwa mai ƙarfi. Alhaji, dabarar da za ta yi maka ita ce ka sayi ƙaramin famfon feshi irin na manoma, sabo wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ba. Lita biyu ko uku sun isa ka kore ƙurar sama kafin tawul ya taɓa. Kuma kada ka yi a rana. In ƙarfe ya ɗauki zafi, maganin na bushewa kafin ka kai hannu, sai ya bar tabo. Bayan asuba ko dab da magariba.

Hajiya, Gwarinpa:
Ba wanda ya yi maganar wankin tawul ɗin. A wanke su su kaɗai, kada a haɗa da kayan auduga don suna kwasar zare, kuma ban da ruwan ƙamshin nan mai tausasa tufafi, yana kashe musu shan ruwa. A shanya a ɗaki, don in ka shanya a waje da hunturu ka mayar musu da ƙurar da ka wanke. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa ya tashi daga na fenti, ya koma na taya.

Mai baƙar Camry, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da famfon feshin da tawul, in gwada a murfin but tukuna. Yaron gida kuma yau zan karɓe singiletin. Baba mai fenti, zanen da ya riga ya fito a bonet fa, gogewa ɗaya za ta ɗauke shi, ko sai na turo maka hoto ka gani?

Mai fenti, Panteka, Kaduna:
Ja farcenka a kai a hankali. In bai maƙale ba, inji zai ɗauke. In ya maƙale, ya wuce shafin sama, sai fenti. Ɗauki hoton a rana, ba a inuwa ba.