Rubisco ya mamaye min jel, ta ina zan kamo furotin ɗin tantanin ganye?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu, aikina a kan masara ne: gano furotin ɗin da ke zaune a tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta, masu hannu a girman ganye. Na niƙa ganye cikin ruwan naitirojin, na juya a santirifuj (injin da ke juya samfuri da sauri don mai nauyi ya kwanta), amma kowane jel na raba furotin na fitar sai in ga Rubisco, furotin ɗin da ke kama iskar carbon dioxide a ganye, ya cinye wurin. Ta ina zan ɓullo masa?

Wata malama: Wa alaikumus salam ƙanena. Tun wajen tsinkar ganyen aka samu matsala. Ganyen masara daga gindi yake girma. Can ciki, inda yake fari-fari da laushi, ƙwayoyin ke rabuwa. Sama kaɗan suna miƙewa. Tsinin kuwa ya gama girma, cike yake da kuloroplas, koren ɓangaren ƙwaya inda Rubisco ke zaune, shi ya sa Rubisco ke damunka. Ɓare ganye na uku na ƙaramin tsiro, ka yanka shi gunduwa-gunduwa daga gindi zuwa tsini, kowace gunduwa da bututunta. Ganye guda ya ba ka matakan girman gaba ɗaya.

Wani ɗan rukuni: Ƙari a kan na Malama. Abin da ya kwanta bayan juyin santirifuj na 100,000 g (ninkin ƙarfin jan ƙasa sau 100,000) tarkacen tantani ne iri-iri, har da na mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya kuzari. Raba shi da PEG 3350 da dextran T500, sinadarai biyu da ke rabuwa hawa biyu a ruwa: tantanin waje zai hau hawan PEG na sama, sauran su tsaya ƙasa. Yi shi a sanyin digiri 4 na Celsius, don ɗan ɗumi kaɗan yana sauya rabon. In saman bai daina kore ba, maimaita. Sannan ka wanke da sodium carbonate, ka gwada H+-ATPase, furotin da ke nuna tantanin waje ne ka samu, wanda sinadarin vanadate ke hana shi aiki.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To idan LC-MS/MS, na'urar tantance furotin, ta ba ni jerin sunaye, shi ke nan na gano su?

Malamar: Ina! Ganin furotin a gindin ganye bai nuna shi ke gina ganyen ba. Furotin PIN1, mai fitar da auxin (sinadarin girman tsiro) daga ƙwaya, a tsiron gwaji Arabidopsis an tabbatar da aikinsa ne da tsiron da aka lalata masa shi, karansa ya tsaya tsirara kamar allura. Zaɓi biyu ko uku da suka fi yawa a gindi, ka liƙa musu GFP, furotin mai haskawa kore, a ganyen Nicotiana benthamiana, ɗan'uwan taba, ka ga ko da gaske a tantanin suke.