Neman shawara: wane wili mai yanka iska ne zai dace da tsohon keken tsere na ƙarfe?

Mai tambaya, Kaduna:

Assalamu alaikum jama'a. Watan jiya na tsinci wani keken tsere a wajen masu gwanjo, an jingine shi can bayan kekunan yara, ƙura ta rufe shi ruf. Bodin ƙarfe ne sirit. Sunan kamfanin ya goge, amma tambarin Columbus SLX, wato irin ƙarfen da aka yi bodin da shi, na nan a bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Giya da birki duk Shimano 600 ne, mai ɗan tambarin nan launi uku, giya bakwai a baya, abin canja giyar kuma a jikin bodi yake, ba a hannu ba. Na wanke shi, na sa masa mai, ya fito tsaf.

Wilin ne abin kunya. Na gaba daga wani keke aka ciro shi, na baya kuwa rawa yake yi kamar faifai a hannun mai bakace. Ni kuma tun ina yaro nake sha'awar wili mai faɗin rim ɗin nan, mai yanka iska. Amma ba na son in ɗaura masa abin da zai zama kamar tsoho da wandon 'yan gayu. So nake wanda ya san harkar in ya gani ya ce, e, zamaninsu ɗaya.

Yayana da ke Italiya ya samo Campagnolo Shamal mai sifok 16, fari ƙal kamar madubi, da giya takwas a jiki. A nan gida kuma wani ya yi mini tayin Spinergy Rev-X. Wanne zan ɗauka? Ko akwai na uku da ban sani ba?

Makaniken Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka biya ko sisi, cire wilin baya ka sa rula tsakanin kunnuwan bodin guda biyu da wilin ke zama a kai, ciki da ciki. In ka ga milimita 126, na giya shida ko bakwai ne. Shamal ɗin nan 130 yake so. Ka auna ka dawo, sai mu san da wa muke magana.

Dattijon Jos:

Ɗana, ka yi tsintuwa mai kyau. Wannan Shimano 600 mai launi uku a 1988 ya fito, lokacin da suka fara liƙa masa sunan Ultegra, kuma SLX ƙarfen manyan kekunan Italiya ne na shekarun 1980. Ke nan kekenka na ƙarshen shekarun 1980 ne, ko ya ɗan leƙa 1990.

Shamal kuwa sai 1992 ya zo. Ka ga ƙanen kekenka ne, ba sa'ansa ba. Shekara uku ko huɗu ba wani abu ba ne a rayuwar mutum, amma a harkar keke cikin wannan ɗan tsakanin komai ya juye: giya ta koma takwas, abin canja giya ya hau hannun birki, Shimano ta fara da STI a 1990, Campagnolo ta biyo da Ergopower a 1992. Shamal da waɗannan ya tashi. Mavic Cosmic ma sai 1994.

A zamanin kekenka yanka iska hanya biyu ce. Akwai wili rufaffe gaba ɗaya, irin wanda Francesco Moser ya hau a birnin Meziko a watan Janairun 1984 ya yi kilomita 51.151 cikin awa ɗaya, da wanda Greg LeMond ya sa a baya ranar ƙarshe ta tseren Faransa na 1989, da ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa takwas a jimillar lokacin tseren. Amma wancan na tseren agogo ne, wanda kowa ke tashi shi kaɗai a ƙirga masa lokaci, ba wanda ke yawo da shi a titi. Na titi shi ne rim mai ɗan tsini ciki kamar bakin gatari, zurfinsa bai kai rabin abin da kuke kira faɗi yanzu ba: Wolber Profil na Faransa, Araya na Japan, da Omega na Campagnolo mai siffar V. Sai Roval, su ma Faransawa, masu sifok kaɗan shafaffu. Yawancinsu baƙi-baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, birki ya ci gefen ya bar zobe fari. Wannan zoben ma ado ne a idona.

Ni da a ce nawa ne, Wolber ko Araya zan nema, in haɗa da hob ɗin Shimano 600, wato cibiyar wilin da sifok ke maƙale a jiki.

Ɗan Bireshiya:

Baba, Allah ya ƙara girma, tarihinka daidai ne, amma ina da ja. Nan inda nake a Italiya, ranar Lahadi za ka ga dattawa sun fito da kekunan ƙarfe na 1986, na 1988, da Shamal a ƙarƙashinsu, kuma ba yau suka ɗaura ba, tun yana sabo suka saya. Mai keke ba ya jefar da bodi don an fito da sabon wili, wilin yake canjawa. Don haka keken 1989 da wilin 1993 abu ne da ya faru da gaske a titi. Kuma wallahi ba wilin da ke haska bodin ƙarfe kamar Shamal, in rana ta doke shi sai ka kare ido.

Abin da zai sa 'yan Italiya su harare ka ba shekarun ba ne, haɗa Campagnolo da Shimano ne. A wajensu kamar ka zuba manja a fura ne.

Sai dai ka sani, in kana da burin zuwa irin taron tsofaffin kekuna na L'Eroica da ake yi a garin Gaiole na Italiya tun 1997, can dokarsu keken 1987 zuwa baya ne, sifok aƙalla 32, rim marar zurfi. Shamal ko ƙofa ba zai shiga ba. In ba ka da wannan burin, ba mai tare ka a hanyar Zariya ya tambaye ka takardar haihuwar wili.

Af, sunan ma na kusa da mu ne: shamal iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso yamma a yankin Tekun Fasha, daga kalmar Larabci ta arewa. Kamfanin sunayen iskoki yake sa wa wilinsa, Bora, Zonda, Scirocco, Khamsin. Hunturu ne kawai ba su waiwaya ba.

Mai tambaya, Kaduna:

Na auna, Oga. 126 ne cif.

Makaniken Sabon Gari:

To madalla. Milimita huɗu ne tsakani, biyu kowane gefe. Bodin ƙarfe yana yarda, kana iya buɗa shi da hannu ka tura wilin duk lokacin da za ka ɗaura, ko a buɗa shi dindindin. In za a yi dindindin, gefe ɗaya ake ja a auna, a ja ɗayan, sannan a zaga zare daga kunnen hagu ta wuyan keke zuwa kunnen dama, a duba ko ratar zaren da bututun sirdi daidai take ta kowane ɓangare. Bayan nan a miƙe kunnuwan su fuskanci juna, in ba haka ba aksil ne zai sha wahala. SLX yana ɗaukar wannan. Ƙarfen Reynolds 753 ne ba a yi wa, kuma alminiyon ko da wasa.

Maganar giya kuma akwai wani sirri. Tazarar haƙoran Campagnolo mai takwas milimita biyar ce, ta Shimano mai bakwai ma biyar ce. Saboda haka abin canja giyarka zai yi ƙas-ƙas ɗinsa daidai a kan guda bakwai, ɗayar ka toshe ta da sukurun iyaka. Ko ka murɗa shi ya koma marar ƙas-ƙas ka ci duka takwas ɗin da kunne.

Ciwon kan yana gaba. Haƙoran Campagnolo mai takwas ramin shigarsu daban ne da na mai tara zuwa sama, da na Shimano kuwa ko kusa. Ranar da suka cinye, ba Kano ba Kaduna, sai ka sake kiran yayanka. Kan sifok ɗin Shamal kuma a cikin rim yake ɓoye, in wili ya ɗan karkace sai an cire taya kafin a ɗaure. Sifok 16 ne, ɗaya ya tsinke wilin ya kama birki, ka dawo gida a Keke Napep. Mai 32 in ɗaya ya tafi ka buɗa birki ka lallaɓa. Sannan tub mai dogon bawul za ka riƙa nema, gajere ba ya leƙowa.

Uwar tafiya:

Ƙanena, kowa ya tsallake Spinergy ɗin nan, bari in taɓa shi. Na tsakiyar shekarun 1990 ne, ya fi dacewa da bodin alminiyon mai kauri na Amurka fiye da naka. Filayen kabon takwas ne a manne maimakon sifok, kuma tun 2001 dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da shi daga tseren da ake tashi a dunƙule. Abin da aka manna shekara kusan talatin, ya sha zafin kwantena da na rumfar kwano, ba za ka gane lafiyarsa da ido ba. Rataye shi a bango yana da kyau, amma ban yarda ka gangara da shi ba.

Kuma ka tambayi yayanka abu ɗaya yau: Shamal ɗin na taya mai tub daban ne, ko na ɗinkakkiyar taya da ake liƙawa da gam? Duka biyun an yi. In ɗinkakkiya ce, ƙaya ɗaya ta ishe ka, don mai facin bakin titi bai san yadda zai farke ɗinkin ya mayar ba.

Dattijon Jos:

Hajiya ta tuna mini. Kowane tsohon rim za ka saya, ɗora bakin rula a inda robar birki ke ci. In haske na wucewa ta tsakiya, ya rame. Ni na yi wannan gangancin. Na sayi wani rim mai kyan gani, na ba shi iska sosai, ina saukowa wata gangara ina jan birki sai na ji fam! kamar bindiga. Gefen ya tsage ya naɗe kamar ɓawon rake, tsawon tafin hannu, tub ya fito waje. Allah ya sa na baya ne. Gwiwar hagu har yau tana gaya mini in sanyi ya shigo. Ka kuma goge wajen ramukan sifok da tsumma ka duba da tocila, tsagar gashi a nan take farawa.

Wani abu kuma da ba ku faɗa masa ba: nawa yake gudu? Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu ne in gudu ya ninka biyu, don haka ribar wili mai zurfi tana wajen masu kilomita 40 a awa. Mu 'yan 25 nauyin kawai muke ɗauka, Shamal biyun sun doshi kilo biyu. In hunturu ya buso ta gefe, ko tirela ta wuce ka, na gaban zai fizge maka hannu.

Ɗan Bireshiya:

Baba ai ba don gudu ake sayen Shamal ba, don a tsaya shan shayi a kalla ne! Amma na yarda da maganar rula. Akwai tsaka-tsaki: Mavic CXP 30, zurfinsa wajen milimita 30, ana ɗinka shi da hob na yau da kullum. Shi ma na shekarun 1990 ne, sai dai bai cika ihu ba.

Makaniken Sabon Gari:

In ɗinki za a yi, ka lura da sifok. Shafaffen sifok mai faɗi irin na da ba ya shiga ramin hob sai an tsaga ramin, kuma ban so a taɓa tsohon hob da zarto. Akwai siraran shafaffu irin Sapim CX-Ray da ke wucewa ba tare da tsaga ba. Ramin rim da na hob su zo ɗaya, 32 da 32 ko 36 da 36. Ka tabbata girman rim ɗin 700C ne, wato milimita 622, kar a haɗa ka da inci 27 mai 630, suna kama a ido amma taya ba ta shiga. Taya kuma mai faɗin milimita 23 ko 25, tsofaffin rim ɗin nan matsattsu ne, bodin ma ba lalle ya ba 28 hanya ba.

Mai tambaya, Kaduna:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na kira yayana ya duba. Shamal ɗin na ɗinkakkiyar taya ne, kuma da ya ɗora rula a na baya ya ce haske na wucewa. Na ce ya bar musu kayansu, duk da raina ya so shi, hoton ma na kasa gogewa. Mai Spinergy na ba shi haƙuri.

Da na kankare dattin hob ɗin bayan nan nawa, ashe Shimano 600 ne na asali, rami 32, boris kawai yake so da giris. Yanzu yayana zai nemo mini na gaba irinsa, da Wolber Profil ko Araya guda biyu masu rami 32, na taya mai tub. Oga, in sun iso zan shigo Kano da su ranar Asabar. Nawa ne kuɗin ɗinki?

Makaniken Sabon Gari:

Ka zo da su tukuna in gani. Kuma kar ka sayi sifok sai na auna rim ɗin da hannuna, tsawon da masu sayarwa ke rubutawa ya sha ba ni kunya.